DILLALIN GAS DA TAKIN DA YA GAGARI TALAKA

Duk wanda ke zaman kasuwa in bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa, ya san abin da za mu faɗa. Manomi zai zo rumfar mai taki, ya tambayi kuɗin buhun yuriya, a gaya masa, ya yi shiru, ya dafa buhun kamar mai gaida mara lafiya, sa'an nan ya ce a auna masa tiya biyu. Mai rumfa bai ji daɗi ba, manomi bai ji daɗi ba, gona kuwa ita ce za ta faɗi sauran labari da kaka. To, a wannan daren da manomin nan zai kwana yana lissafi, can ƙasar Neja Dalta wuta tana ci a bakin dogayen bututu, dare ya zama kamar rana, abin da take ci kuwa shi ne ainihin abin da ake yin takin nan da shi. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai shekara fiye da 60 ke nan ana ƙona rumbunmu, ba mu ga wanda ya sayi tokar ba.

In aka ta da wannan magana sai mahukunta su ce ai sha'anin masana ne, talaka ba shi da baki a ciki. Mu a jam'iyyarmu ba mu yarda da haka ba. Abin da ya shafi tukunyar talaka, talaka yana da baki a cikinsa, kuma babu ilimin da ya fi ƙarfin a faɗe shi da Hausa. Saboda haka yau za mu warware muku yadda iska ke zama taki, da wani ɗan ƙaramin abu da aikin duka ya rataya a wuyansa, da dalilin da ya sa muke cewa Gwamnati ta yi sake da shi.

Gas ɗin da ke fitowa daga rijiyoyin mai, mafi yawansa wata iska ce da masana ke kira metan. Ba ita ce ta tukunyar girki da ake ɗurawa a gidan mai ba, wannan dabam take. Metan ita ce wadda aka fara sa wa motoci da a-daidaita-sahu, ita ce kuma ke tashi daga juji da kashin shanu in sun ruɓe. Kowane ƙwayar metan ɗaya, kabon ɗaya ne, wato asalin gawayi, yana riƙe da haidurojin huɗu. Haidurojin ɗin nan shi ake nema. In an same shi sai a haɗa shi da naitirojin, wanda Allah ya ba mu kyauta, gama kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Haɗin nan shi ke ba da amoniya, daga amoniya kuma a yi yuriya. Wani Bajamushe, Fritz Haber, shi ya nuna hanyar haɗin a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da ita aikin masana'anta a garin Oppau a 1913. Ashe ke nan farin takin nan da ke gagarar mu, iskar sama ce da iskar ƙasa aka ɗaura wa aure.

Amma metan tana da taurin kai. Ba ta sakin haidurojinta da lalama. Ko an gauraya ta da tururin ruwa an hura mata wuta, sai ta yi ta jan jiki. Dole sai an sa wani abu a tsakani, wanda Turawa ke kira katalis. Mu dai za mu kira shi dillali, don 'yan kasuwa sun fi kowa sanin aikinsa. Dillali ba shi ne mai kaya ba, ba shi ne mai saye ba, amma in babu shi sai a wuni ana kallon juna ciniki bai faɗa ba. Yana haɗa wannan da wancan, a yi sallama, ya juya ya kama wani cinikin, shi kuwa yana nan yadda yake. Dillalin metan wani farin ƙarfe ne mai suna nikel. Dattawan da suka riƙe farin kwabo mai huda na zamanin Turawa sun riƙe nikel a hannunsu, gauraye da jan ƙarfe. Ana baza shi ƙanana ƙanana, ƙasa da abin da ido zai gani, a jikin wasu 'yan duwatsu da ake yi da alumina, a cika dogayen bututun ƙarfe da su, a gasa bututun har zafi ya kai digiri 800 ko 900, alhali kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa. Sa'an nan a tura metan da tururi su bi ta ciki. Kafin su fita ta ɗaya bakin ciniki ya faɗa, haidurojin ya fito. Tun wajen 1930 ake wannan aiki a Amurka, har yau kuma mafi yawan haidurojin da duniya ke yi daga gas ta wannan hanya yake fitowa.

To, dillalin nan yana da cuta uku. Ta fari, baƙin tukunya. Kabon ɗin da aka ƙwace wa haidurojinsa ba kullum yake tafiya ba, wani lokaci sai ya zauna a kan nikel, ya yi ta tsiro kamar zare ta ƙarƙashinsa har ya ɗaga shi daga mazauninsa, ya farfasa duwatsun, ya toshe bututu. Ta biyu, curewa. In zafi ya daɗe sai ƙananan ƙwayoyin nikel su yi ta matsowa suna haɗewa, kamar gishiri da damina, dillalai dubu su koma goma, ciniki ya ragu. Ta uku, farar wuta, wadda ke zuwa cikin gas ɗin. Ko kaɗan ce ta hau kan nikel sai ta kashe shi, shi ya sa ake tace ta tun daga ƙofa. Akwai ƙarafan da baƙin tukunya bai cika kama su ba, irin su rodiyum da ruteniyum, amma rodiyum ya sha fin zinariya tsada, ba mai cika bututu da shi. Saboda haka masana suka ce, tun da nikel ne mai araha, bari a nema masa gidan da zai zauna lafiya.

Nan ne maganar ferobskait ta shigo. Asalin sunan na wani dutse ne da Gustav Rose ya gano a 1839 cikin duwatsun Ural na ƙasar Rasha, aka sa masa sunan wani basaraken Rasha, Lev Perovski. Abin da ya ba masana sha'awa shi ne tsarin gininsa: babban ƙarfe ɗaya, ƙaramin ƙarfe ɗaya, da oksijin uku, a jere ɗaki ɗaki kamar rumfunan kasuwa da aka auna da igiya. Ana iya toya irin wannan gini a ɗakin bincike, a zaɓi wanda za a sa a kowace rumfa. Wanda aka fi gwadawa don aikin metan shi ne na lantanum da nikel da oksijin. In an gasa shi cikin haidurojin sai ginin ya saki nikel ɗinsa, ya fito ƙanana ƙwarai, a warwatse daidai wa daida, tun da can ma kowanne yana rumfarsa. Lantanum ɗin da ya rage kuma ba zaman banza yake yi ba: yana kama iskar kabon dayoksaid, ya yi amfani da ita ya wanke baƙin da ke neman taruwa a gefen nikel. Dillali ke nan da yaron shago mai share masa wuri.

Ba a tsaya nan ba. A 2002 masanan kamfanin motoci na Daihatsu a Japan suka nuna cewa wani ƙarfe mai tsada yana iya fita daga jikin ferobskait ya kuma koma, yana sabunta kansa, a cikin abin tace hayaƙin mota. A 2013 da 2015 kuma, John Irvine da Dragos Neagu da abokan aikinsu a Jami'ar St Andrews ta Sikotland suka nuna yadda za a sa nikel ya tsiro daga cikin dutsen, ginin bai rushe ba, rabin ƙwayar a waje, gindinta a binne. Nikel na tsohuwar hanya kamar riɗi ne da aka barbaɗa a faifai, ko iska ta kaɗa sai ya gangara. Wannan kuwa kamar haƙori ne a dasashi. Zaren baƙi ba ya samun ta inda zai shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, zafi kuma ba ya tura shi ya haɗe da maƙwabcinsa da sauƙi.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin akwai wata hanya ta biyu ta fasa metan, wadda ba ta bukatar tururi. A maimakon ruwa sai a haɗa ta da kabon dayoksaid, wato hayaƙin nan da ake kuka da shi cewa yana ɗumama duniya. Metan ɗaya da kabon dayoksaid ɗaya suna ba da haidurojin biyu da kabon monoksaid biyu, haɗin da ake iya juyawa a yi man inji da sinadarai iri iri. Franz Fischer da Hans Tropsch sun gwada wannan a Jamus tun 1928, abin da ya hana shi yaɗuwa kuwa shi ne baƙin tukunya, gama a nan ya fi saurin kashe nikel. Duk wanda ya sami dillalin da zai jure wannan aiki shekara da shekaru, ya sami hanyar mai da shara biyu dukiya. Iskar da ke tashi daga kashin dabbobi da juji ma, metan ce da kabon dayoksaid a gauraye tun daga tushe.

Amma jama'a, mu ba irin masu yi muku romon baka ba ne. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Manyan masana'antun taki na duniya har yanzu da tsohon dillali suke aiki, nikel a kan alumina. Ferobskait yawancinsa yana ɗakin bincike, ana gwada shi cokali cokali. Zafin da ake toya shi da shi yana sa jikinsa ya yi sumul, ba ramuka da yawa inda gas zai shiga, farar wuta ba ta daina yi masa illa ba, lantanum kuwa ƙasar Sin ce ke riƙe da mafi yawan kasuwarsa. In wani ɗan takara ya hau mumbari gobe ya ce ya kawo muku dutsen da zai mai da taki kyauta, ku riƙe aljihunku. Abin da muke cewa shi ne, tseren nan ba a gama shi ba tukuna, ana tsakiyar fili, kuma tsere ne da ba ya bukatar jirgin sama ko tulin zinariya. Yana bukatar tanderu, da ma'auni, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, da mutane masu ilimi da aka biya su albashinsu. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka ajiyar gas, fiye da ƙafa tiriliyan 200, ina dalilin da za ta tsaya cikin 'yan kallo?

Ku dubi tarihin abin. An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, tun daga lokacin ake ƙona gas ɗin da ke biyo shi. A 1979 aka yi doka cewa daga Janairun 1984 ba sauran ƙonawa sai da izinin Minista. Da wa'adi ya cika sai aka sa tara, kwabo 2 a kan ƙafa 1,000 na gas. Kwabo biyu, jama'a! Wane kamfani ne zai fasa barci don wannan? A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona gas a ƙauyen Iwherekan tauye hakkin rayuwar mutane ne, wuta ba ta mutu ba. A 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni. A 2021 aka yi shelar wai an shiga shekaru goma na gas, aka kuma yi sabuwar dokar man fetur. Wa'adin da aka sa na baya bayan nan shi ne 2030. Duk da haka Bankin Duniya ya yi shekaru yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 10 da suka fi ƙona gas. 'Yan uwanmu talakawan Neja Dalta su ke shaƙar hayaƙin, su ne ruwan sama ke cin kwanon rufinsu, mu kuma a nan muna auna taki da tiya. Cuta ɗaya ce ta kama mu, ta kama su.

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba inda aka yi shi. An gina masana'antar taki ta NAFCON a Onne, ta fara aiki wajen 1988, ta durƙushe a 1999, aka sayar da ita a 2005. Indorama tana yin yuriya a Eleme. A watan Maris na 2022 aka buɗe ta Dangote a Lekki, mai iya yin tan miliyan 3 a shekara. Madalla. Amma ku tambaya, wa ya zana su, wa ya ƙera dillalin da ke cikin bututunsu? Sunayen da za ku ji a wannan sana'a su ne irin Topsoe na Danmak da Johnson Matthey na Ingila. Bayan 'yan shekaru in dillali ya gaji, a tsai da aiki, a kwashe shi, a sayo sabo da dala daga ƙetare. Saniya tamu, ciyawa tamu, amma ƙwaryar tatsa ta aro ce. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Kuɗin dillali ai kaɗan ne in aka gwada da kuɗin gas da na gini, a yi ta saye mana. Gaskiya ne kaɗan ne, kuma ba shi kaɗai ya sa taki tsada ba. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa farashi, faɗuwar naira daga 2023 ta taɓa shi, yuriyarmu kuma da farashin kasuwar duniya ake auna ta, ana lodin ta zuwa Barazil da Amurka. Kamfa ma sai an sayo wasu kayan haɗinsa daga Maroko da wasu ƙasashe. Amma ga inda gizo ke saƙa. Babban dalilin da ake bayarwa na ƙona gas shi ne wai wuraren ƙanana ne, a warwatse cikin fadama, jan bututu zuwa gare su ba riba. Maganin wannan shi ne ƙananan injuna da za a kai bakin rijiya su juya gas ɗin a nan take, waɗanda dillalinsu zai jure datti da kashewa da kunnawa. Baturen da ke sayar da manyan masana'antu ba shi ke shaƙar hayaƙin ba, ba zai hana idonsa barci don matsalarmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba mu koyi ƙirar dillali ba, kullum sai abin da aka ga dama aka sayar mana, a farashin da aka ga dama.

Abin takaici kuwa, kayan aikin suna nan a gabanmu. A Ƙanƙara ta Jihar Katsina akwai farin yumɓu, wanda malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna fitar da alumina da wasu dillalan tace mai daga cikinsa a ɗakin bincikensu. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken sinadarai ta Tarayya, NARICT. Akwai asusun PTDF da aka kafa tun 1973 don horar da 'yan ƙasa kan ilimin mai, wanda ya tura ɗaruruwan 'ya'yanmu Ingila karatu. A 2016 kuma aka yi ta buga ganga cewa wani kamfanin Ostireliya ya ga nikel a Dangoma, ƙasar Jama'a, kudancin Jihar Kaduna. Ga yumɓu, ga gas, ga masu ilimi, ga labarin ƙarfe. Abin da babu shi ne mai haɗa su. A maimakon haka, a 2022 jami'o'in Gwamnati suka yi wata 8 a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. Tanderun da aka kashe wata takwas wane dutse zai toya? Yaron da aka kashe wa miliyoyi ya koyo ilimin nan, ya dawo ya tarar ba wuta, ba kayan awo, me zai hana shi komawa inda ya fito?

Ku dubi Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa haƙar nikel. A Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, ta ce duk mai so ya zo ya narka shi a gida. Ƙasashen Turai suka kai ta ƙara, a 2022 aka ce ba ta da gaskiya, ta ɗaukaka ƙara, ba ta janye ba. Ba mu ce komai nasu ya yi kyau ba, gama yawancin jarin na baƙi ne, an ɓata dazuzzuka da ruwa, leburori sun rasa rayukansu a wuraren narkar. Amma sun gane abu ɗaya da shugabanninmu suka ƙi ganewa: mai sayar da ɗanye bawan mai sarrafawa ne. Kakanninmu sun ga haka a kan gyaɗa da auduga da fata, ba sai an ba mu labari ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna so wakilanmu su faɗe shi a Majalisa da babbar murya. Na ɗaya, PTDF da TETFund su ware kuɗi tsayayye, na shekara 10 ba na shekara ɗaya ba, don binciken dillalan gas, har da na ferobskait, a jami'o'in Arewa da na Kudu tare, a kuma riƙa buga wa jama'a abin da aka kashe da abin da aka samu. Na biyu, duk masana'antar da ke samun gas ɗin ƙasa da rangwame a wajabta mata ta buɗe ƙofa ga ɗalibanmu, ta kuma ba da wurin gwada abin da aka ƙera a gida. Na uku, a kawo rahoton nikel na Dangoma gaban Majalisa a karanta, in akwai ƙarfe a faɗa, in babu a faɗa, in kuwa akwai kada a fitar da shi ɗanye, kuma mutanen wurin su ne farkon masu cin moriya. Na huɗu, tarar ƙona gas a karɓe ta cif cif, a kashe ta a garuruwan da hayaƙin ya ɓata kamar yadda dokar 2021 ta ce. Na biyar, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2020 aka ce shekara 2 zai ɗauka, 2022 ta wuce, 2023 ta wuce, 2024 ta wuce gas bai iso Kano ba, muna so tun yanzu a faɗa mana masana'antun da za su sha daga bakinsa, da waɗanda ake horarwa don su riƙe su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawari cewa kafin 2015 manomi zai riƙa samun kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta, daga kilo 8 da ake samu a lokacin. Ku da kuke noma, ku da kuke aunawa a rumfa, ku ne alƙalan wannan alkawari.

Ya 'yan uwa, ku kai maganar nan rumfa rumfa, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. In masu neman ƙuri'a sun zo da buhun taki guda a raba wa mutum goma, ku karɓa, naku ne, da dukiyarku aka saya. Amma kafin su shiga mota ku tambaye su: gas ɗin da ake ƙonawa yaushe za a kashe wutarsa, kuma nawa kuka sa a kasafi don 'ya'yanmu su koyi juya shi? Wanda ya amsa da lissafi ku saurare shi. Wanda ya ce wannan sha'anin masana ne, ku gaya masa talaka ya san dillali, ya kuma san wanda ke cin la'adar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba talaka sa'a. Amin.